Na Ciji Likitan Haƙori

Malama, don girman Allah ki agaza min, kuma ki sakaya sunana, don mutanen gidana na karanta filin nan.

Shekarata sittin da ɗaya. Na yi shekara talatin ina walda, ina yanka ƙarfe da injin da ke sa maƙwabta toshe kunne, ni ko gezau. Shekara shida ke nan da likitan ƙwaƙwalwa ya ce ina da ciwon karkarwa, wanda ba ya warkewa sai dai a lallaɓa shi da magani. Hannuna na dama na rawa, wani lokaci haɓa ta taya shi. Na rungumi ƙaddara. Har cikin injin hoton ƙwaƙwalwa aka cusa ni, na sha barcina.

To, wata huɗu da suka wuce haƙorin taunata na hagu ya yi kogo. Zuwana na farko asibitin haƙori, ina kan benci na jiyo kukan ɗan injin nan mai kama da sauro, sai na ce wa ma'aikaciyar zan duba ko na kulle mota. Malama, ba ni da mota.

Na biyu, mai ɗakina ta raka ni, ta kafa kujera a bakin ƙofa. Aka kwantar da ni, aka dalla min fitila a ido. Likita ya ce in na ji zafi in motsa hannu. Ni da hannuna ba ya hutawa! Sau biyar yana dakatawa yana ba ni haƙuri, alhali bai ko taɓa ni ba. Da ya gane, ya sa yatsa zai duba, sai haɓata ta datse shi. Bawan Allah bai yi fushi ba, amma na ga yana duba yatsan da kyau. Ni kuwa sai a titi na lura ƙyallen da suka ɗaura min yana wuyana.

Yanzu mai ɗakina ta ce raki ne, wai ta haifi biyar ba ta yi rabin wannan ba, har ƙannenta ta ba labari. Na rame, kuncina ya fara kumbura. Gaskiya ba zafin kaɗai nake gudu ba. Kunya nake ji jikina ya ƙi jin maganata a gaban mutane. Jiya har filaya na ɗauko na mayar. Akwai dabarar da haƙori zai faɗi da kansa?

Tsohon Mai Walda

*

Baba, ka bar filaya wa ƙarfe. Haƙorin da ya kumbura kunci ba ya faɗuwa don an zuba masa ido, sai dai ya ƙara ruɓa. In zazzaɓi ya shigo ko haɗiya ta yi wuya, asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

Tsoronka ba raki ba ne. Fargaba na ƙara karkarwa, karkarwa na ƙara fargaba. Amma Hajiya ma tana da gaskiya: wadda ta ga mijinta na ramewa dole bakinta ya yi zafi. Ka gaya mata abin da ka gaya min game da kunyar nan, ina jin ba ta taɓa ji ba. Labarin da take kai wa ƙannenta kuwa, ta taimaka ta rage.

Na lura ba ka ce ka gaya wa likitan haƙorin kana da ciwon karkarwa ba. Daga nan aka samu matsala. Ka sa a kira shi kafin ka je, ka kai masa sunayen magungunanka, ya tuntuɓi likitan ƙwaƙwalwarka kan allurar kashe zafi. Ka nemi lokacin da maganinka ya fi kama jikinka, a kuma taƙaita zaman. Akwai ɗan robar da suke sawa tsakanin haƙora don baki ya zauna a buɗe, ka tambaya. Alamar dakatawa kuma ku mayar da ita hannun hagu. Cizo kuwa, ba kai ne farau ba, duk mai wannan sana'a ya sha shi.

Ka kira su yau, kafin tsoro ya ba ka wata shawarar. Allah ya ƙara sauƙi, ya bar ku tare da Hajiya.