Awon da Na Yi a Bakin Tanki

Zuwa ga Yaya,

Ka yi mini afuwa bisa damun ka da wannan takarda, na san hidima ta yi maka yawa. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Inna tana nan ƙalau, sai ciwon gwiwar nan. Autanmu an sallame shi daga asibiti. Yana tafiya da ƙafarsa, amma hannunsa na dama yana rawa, bai koma walda ba tukuna.

An gaya maka ni na cece shi ran da ya faɗi a cikin tankin masana'antarmu, domin ni ne a bakin tankin, na ja igiyar da ke ɗaure a jikinsa, ban yi gangancin shiga ba. Haka ne, amma da saura. Ni ke auna iska kafin kowa ya shiga. Ɗan littafin kariyar da kuke yi mini dariya a kansa ya ce, a shafi na bakwai, a auna wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, saboda muguwar iska a ƙasa take kwanciya. Ran nan doguwar robar na'urar awon ta tsage, bakin tankin kaɗai na iya aunawa. Auta yana ta tsokanata a gaban ma'aikata, wai Malam Shafi-na-Bakwai zai sa rana ta faɗi ba a taɓa aiki ba. Kunya ta kama ni. Na rubuta “lafiya” a gurbi ukun takardar awo, na sa hannu. Alƙalamina ne ya saukar da shi cikin tankin nan, Yaya.

Shi bai tuna komai ba. Jiya ya riƙe ni da hannun nan mai rawa, ya ce ba don ni ba da 'ya'yansa sun zama marayu. Inna kuwa albarka take sa mini safe da yamma. Masu bincike za su zo ƙarshen wata. Idan takardata ta tsaya yadda take, Auta za a ɗora wa sakaci, a kore shi. Idan na faɗi gaskiya, ni za a kora.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, da Baffa, da 'yan biyu. Ga roƙona:

1. Faɗa dai zan faɗa. Wa zan fara sanar wa, Auta ko masu bincike?
2. Inna ta ji, ko a bar ta?
3. Ka amsa a rubuce, kada ka kira. Ba zan iya ƙara jin muryarka tana gode mini ba.

Ƙanenka mai jiran amsa.