Ciwon Matan Gidanmu

Motherwell, Gqeberha
Lahadi, bayan an taso daga coci

Siseko nawa, sanyin idona, inuwata a ranar zafi, bangon da nake fakewa a bayansa idan iskar garin nan ta tashi haukanta,

Ga gaisuwa mai yawan yashin bakin teku, mai ɗumin burodin da aka fitar daga tanda yanzu. Yaya ruwa? Yaya sanyi a kan jirgi, yaya hannuwan nan naka da zaren kamun chokka, kifin nan mai hannaye da yawa, ya tsattsage? Matar kyaftin ɗinku ta ce ƙaramin jirgin da ke kai muku abinci zai tashi gobe da safe, ta kuma yarda ta ba da wannan takarda. To, ka wanke hannu, ka nemi lungun da abokanka ba za su leƙo ba, ka zauna. Ina da labari, kuma ka san ni, ba na iya fara magana daga tsakiya, sai na bi ta daki-daki. Kada ka tsallaka zuwa ƙarshe! Na san halinka sarai.

Ka tuna ranar da ka raka ni ɗibar jini? Ni kam ko na tsufa na manta sunan titinmu ba zan manta da ita ba. Tun ina ƙarama na san ni mace ce, ko da yake sunan namiji aka raɗa mini, amma sai da na haura arba'in kafin na iya tsayawa gaban likita na ce ina son a fara ba ni maganin da zai daidaita jikina da abin da zuciyata ta sani. Dokta Govender ta ce to, amma sai an fara duba hanta da ƙoda da suga da kitsen jini, sai an auna bugun zuciya, don kada a ɗora wa jiki kayan da ba zai iya ɗauka ba. Na hana kaina abinci tun da daddare kamar yadda aka umarta, kai ma ka ƙi shan shayinka don ka taya ni yunwa. Muka shiga kana ta cika baki, wai in allurar ta ba ni tsoro in kalli fuskarka kawai. Na kuwa kalla. Me na gani? Fuskarka ta koma launin toka tun kafin ƙaramar kwalba ta farko ta cika, ka zame daga kan kujera a hankali kamar buhun masara! Sista Adonis mai ɗibar jinin ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Sisi 'yar'uwata, wannan ƙaton naki ne? In ya farfaɗo ki ce masa yanzu aka goge wurin." Da ka buɗe ido ta miƙa maka shayi mai suga tana cewa, "Bhuti ɗan'uwana, kai da kake farke cikin kifi kullum? Kifin ma da ya gan ka yau da ya yi dariya."

Wayyo masoyina! A ranar na ƙara sanin abin da na samu. Namijin da ba ya tsoron igiyar ruwa mai tsayin gida, amma ɗigon jinina ya kayar da shi. Wace mace ce aka taɓa yi wa yabo irin wannan? Wane mawaƙi ne zai iya tsara abin da ka faɗa mini da faɗuwa ɗaya?

Abin da ya biyo baya ka san shi, amma bari in maimaita, don hankalina ba ya kwanciya in na bar gurbi. Sakamako ya fito da kyau. Hantata lafiya lau, ƙodata sumul, sugana daidai. Har na fara tattara jakata sai Dokta Govender ta yi tambayar nan: me ya yi ajalin mahaifiyarki? Ta ce maganin yakan sa jinin wasu mutane ya daskare a jijiya, kuma in abin yana bin dangi dole ta sani kafin ta rubuta komai. Ina aiki a Uitenhage lokacin da Mama ta rasu, abin da aka ce mini kawai shi ne ta yi rashin lafiya, kuma a gidanmu yaro ba ya tambayar manya abin da ya wuce haka. Mutum ɗaya ya rage da ya sani, Makazi Nombeko, ƙanwar Mama, can a Peddie. Rabona da ita tun ranar jana'iza, ranar da na tsaya bakin kabari cikin kwat ɗin maza. Ba ta taɓa ganina yadda kake ganina ba.

Kai ne ka ce in je. Kana ɗaure jakarka ta tafiya teku ka ce, "Liziwe, in ta kore ki, ga gidanki nan. In kuma aka ba ki maganin, kada ki jira ni ko na yini ɗaya, kin jira ya isa." Ka tafi ka bar ni da wannan magana tana yi mini yawo a ka. Na rubuta abin da zan ce mata a littafina, na soke, na sake rubutawa. Na ce ko in yi wa likita ƙarya ne, in ce tsufa ne ya ɗauke Mama? Na ce ko in sa wando in ɓoye kaina na yini ɗaya? A ƙarshe shuɗiyar rigar nan da kake so na saka, na ɗaura ɗankwali, na hau motar Peddie.

Na iske ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa, ta daɗe tana duba, har kaji suka fara satar waken ba ta kore su ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a daƙile, ta shiga ta kawo shayi, ta zauna tana kallon bango. Na manta duk abin da na shirya. Na dai ce, "Makazi, likita ce ta aiko ni. Tana son sanin irin cututtukan gidanmu."

Ashe ƙofar da ba a taɓa ƙwanƙwasawa ba ke nan! Ta juyo da kujera gaba ɗaya. Ta ce shekara da shekaru tana jiran wanda zai tambaye ta, 'ya'yanta da ta fara maganar gwiwarta sai su tuna suna da aiki. Ta fara daga kakan kakanmu da doki ya hamɓare, ta gangaro kan wanda suga ya makantar, da wadda ta haɗiye ƙaya, da kawun da bai taɓa ciwo ba sai lalaci. Ina ta rubutawa muna dariya, shayi ya huce aka sake dafawa. Sai da ta iso kan Mama muryarta ta sauka. Ta ce Mama ta dawo daga doguwar tafiya a bas, ƙafarta ta hagu ta kumbura ta yi zafi, aka yi ta shafa mata man zafi. Bayan 'yan kwanaki tana shanya wanki numfashinta ya ɗauke. A asibiti aka ce gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe huhu. Ta ƙara da cewa kakata ma ta taɓa fama da irin wannan ƙafa bayan haihuwa.

Abin da nake tsoro ke nan, shi ne kuma na ji. Na ajiye biro. Na ga shekarun da na yi ina jira sun tashi a banza kamar hayaƙin tukunya, na ga likita tana rufe fayil tana ba ni haƙuri. Na yi kukan Mama, na yi kukan kaina, ban san wanne ya fi yawa ba. Na neme ka a gefena, ruhina, na tarar teku ce tsakaninmu. Makazi ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "To, kukan na mene ne? Wadda ta mutu ai ta daɗe da hutawa." Na faɗa mata komai, maganin da amfaninsa da abin da likita take gudu. Ta yi ta juya zoben hannunta. Can ta ce, "Yaushe ne komawa wurin likitar?" Na ce Alhamis. Ta ce, "Alhamis ranar taron matan coci ce. Ba komai, Allah ya san inda zan je."

Da ka ga shigarmu asibiti! Ta sa jar rigarta ta matan coci da farar hula da baƙin siket, ta riƙe laima kamar sanda, tana tafe a gabana mutane suna matsawa. Dokta Govender ta yi tambaya ɗaya, Makazi ta ba ta amsar dangi gaba ɗaya, har da kawun nan malalaci. Likita ta saurara da kyau, ta sa aka sake ɗibar jinina don a duba ko na gaji wani abu mai sa shi saurin daskarewa, ta ce mu dawo mako mai zuwa. Na ce wa Makazi zan sa ta a mota ta koma Peddie. Ta ce, "In koma in yi me? Kaji sun san hanyar maƙwabta." Tun ranar tana gidanmu. Ta sauya wa tukwanena wuri, ta ce umngqushona, dafaffiyar masara da waken da nake taƙama da ita, ya yi gishiri da yawa, ta ce labulenmu na gwauraye ne.

Makon nan ya yi mini tsawo kamar shekarar fari. Kullum da yamma nakan hau tudun bayan makaranta in hango fitilun jiragenku sun jeru a kan ruwa, in zaɓi wadda ta fi haske in ce ita ce taka. In kuskure nake yi kada ka gyara mini.

Yanzu ga abin da kake ta ƙoƙarin tsallakawa ka gani. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce likita ta ce gwajin bai nuna komai daga cikin abubuwan da ake iya ganowa ba, amma tarihin Mama ba abin wasa ba ne, don haka ba za ta ba ni ƙwaya ba. Zuciyata ta faɗi ƙasa. Kafin in ɗauke ta sai ta buɗe aljihun tebur ta fito da wata 'yar filasta mai kama da fatar albasa. Ta ce wannan ake mannawa a fata, maganin ya riƙa shiga a hankali, haɗarinsa ga jini bai kai na ƙwaya ba. Za a fara da kaɗan. Zan riƙa zuwa ana duba ni, zan riƙa tafiya a ƙasa, ba zan daɗe a zaune a mota ba, kuma ranar da ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti kai tsaye, ba man zafi ba. Ta tambaye ni ko na gane haɗarin, ko har yanzu ina so. Ni da nake shakkar ko na kulle ƙofa bayan na kulle ta, ban yi shakkar wannan ba. Na ce ina so.

Sai Makazi ta buga laimarta a ƙasa ta ce, "Likita, mu matan gidanmu jini ne yake ba mu wahala. Uwata ta sha, yayata ya ɗauke ta. Wannan ma tamu ce, sai ki kula mini da ita yadda ba mu san mu kula da uwarta ba."

Mu matan gidanmu, Siseko! Ka ji? Na je neman sunan ciwo, na dawo an lissafa ni cikin masu shi. Wa ya taɓa yin murna don an ce ya gaji cuta? Ni ce nan, na fito daga asibiti ina dariya hawaye yana zuba, Makazi tana zungurina da laima wai ina ba ta kunya a titi.

Na bi umarninka, ban jira ka ba. Ranar Juma'a da safe na yi wanka, na manna filastar a ƙasan cibiya, na tsaya gaban madubi ina jiran abin mamaki. Babu abin da ya faru, sai Makazi da ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce in fito shayi yana hucewa. Likita ta ce sai an yi watanni, kamar shuka. Zan yi haƙuri, amma kada ka yi mamaki in ka dawo ka tarar na tsufar da madubin da kallo.

Ka dawo, farin watana, ka dawo da ƙafafunka biyu da dariyar nan taka mai tayar da karnukan unguwa. Ka dawo ka ga abin da zai tsiro, don ba na son wani ido ya riga naka gani. Amma ina yi maka gargaɗi: Makazi ta ce ba za ta koma Peddie ba sai ta ga mutumin da yake ajiye da 'yar yayarta. Ta tambaye ni sunan danginku, na faɗa. Ta tambaye ni me yake kashe mutanen gidanku, na ce ban sani ba. Ta ce wane irin sakaci ne wannan, zama da namiji ba a san ciwon gidansu ba? Don haka tun kana kan ruwa ka fara tuno kakanninka ɗaya bayan ɗaya, ka zo da amsa a shirye, ka kuma aske gemun nan kafin ka shigo.

Duk abin da ka faɗa mata, ko ciwon gidanku ya fi namu yawa, na riga na karɓe ka da shi. Jikina zai sauya a hankali, fuskata za ta yi laushi, amma wadda take jiranka a tudun bayan makaranta ba za ta sauya ba, har ranar da teku za ta gaji da zuwa bakin gaɓa.

Taka jiya, taka yau, taka muddin jinin nan yana gudu,

Liziwe