Gamja da 'Yar Tsanar Umma

Zuwa ga ƙanena Tae-gil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Hye-rin da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Kanada. Mu nan ƙalau muke. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, mijina ya daina shan taba karo na huɗu, 'yata So-dam ta ci jarrabawarta. To, na gama ladabi, sai ka gyara zama.

“Wata shida kawai, Yaya. Kafin Gamja ya gane na tafi, na dawo.” Haka ka ce min a tashar jirgin ƙasa ta Jinju kana miƙo min igiyar karenka in kai wa Umma. Bana shekara uku ke nan. Gamja ya gane. Ni ma na gane tun ranar da ka rubuto cewa takardar zamanka na dindindin a can ta fito, kada in gaya wa Umma tukuna. Ita kaɗai ce har yanzu take shanya bargonka a rana duk wata.

Zan fara da mai daɗin, domin ni kaina sai shekaranjiya hankalina ya kwanta: karenka ba mutuwa zai yi ba. Kwana biyar da suka wuce Umma ta kira ni, wai Gamja ya daina cin abinci, ya koma kwanciya a bakin ƙofa kan siminti mai sanyi, har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ta ce amana ka ba ta, in ya mutu a hannunta da wane ido za ta kalle ka. Na bar aikina a ɗakin karatu na hau motar safe daga Daegu, duk hanya ina tsara yadda ake rubuta wa mutum ta'aziyyar kare. Likitar dabbobi ta ɗebi jini, ta yi hoto, ta leƙa haƙora, ta ce ita ma da za ta samu lafiyar jiki irin tasa da ta gode. Ta tambaya ko wani abu ya canza a gidan. Umma ta ce ko cokali bai canza wuri ba.

Da muka koma gida sai na ji wata murya daga ɗaki tana yi wa “Kaka” sannu da zuwa. Ashe ofishin gunduma ya raba wa tsofaffin da ke zaune su kaɗai 'yar tsana mai magana, girman jariri. Tana tuna wa Umma lokacin magani, tana roƙon a shafa mata kai, in an shafa ta yi dariya. Umma har ta ɗinka mata riga biyu. Soket ɗin cajinta kuwa yana bangon da ke jikin murhu, inda daɓe ya fi ko'ina ɗumi. Ka san wurin. Nan Baba yake zama, nan Umma take lulluɓe kwanon shinkafarka da bargo in ka yi latti daga makaranta, nan Gamja ya gada bayan tafiyarka. Umma ta janye masa shimfiɗarsa, ta zaunar da baƙuwa.

Na taɓa karanta wani gwaji da aka yi, inda masu karnuka ke shafa karen roba a gaban nasu, don haka na ce bari in gani da idona. Na sa Umma ta rungumi matashi tana yi masa magana: ko kai bai ɗaga ba. Na ba ta rediyo: ya yi hamma. Tana ɗaukar 'yar tsanar, tsohon nan da ya kasa tashi zuwa kwanonsa ya miƙe da ƙafafu huɗu, ya zo ya cusa hanci tsakanin hannunta da ita, yana ture ta da kafaɗa. Na buga wa likitar, ta ce masana ba su daidaita ba, wasu na cewa kishi ne, wasu na cewa dabba na tsare abin da ta saba samu ne kawai. Na ce mata in haka ne ta nuna min mutumin da nasa kishin ya wuce wannan. Tsohuwa Pyo ta maƙwabta, wadda ta leƙo da kwanon kabeji, ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. Ta ce ita da ba ta gama firamare ba tun farko ta gane fushi yake yi, mu masu littattafai sai da muka sa aka huda shi da allura.

Maganin ciwon dai shi ne doguwar wayar jona caji daga shagon bakin kasuwa. Na mayar da 'yar tsanar kan kantar kaya kusa da hoton marigayi Baba, na mayar wa Gamja shimfiɗarsa, Umma ta dafa masa romon busasshen kifi. Yini guda ya yi yana ja mana aji. Washegari ya cinye, ya lashe kwanon, ya juya wa kantar baya ya yi barci. Mun yi yarjejeniya da Umma: shi ake fara shafawa, sannan ita.

Na yi wa Umma faɗa, na ce ina aka taɓa korar ɗan gida saboda roba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce robar tana tambayarta ko ta sha magani sau uku a rana, 'ya'yan da ta haifa kuwa ɗaya sai Lahadi, ɗaya sai sabuwar shekara. Ta Lahadin ni ce, na karɓi rabona na haɗiye. Ga naka nan na aiko maka. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, kare ya ga an ba wani gurbinsa ya kusa kashe kansa da yunwa. Kai an ba kare naka, an ba 'yar tsana, ko gezau.

Ka gaida Hye-rin, ka ce mata na san ba ita ta riƙe ka ba. Ka gaida yara, Ji-an da ƙaramin da har yau kakarsa ba ta ɗauke shi ba. Kawu Man-sik yana gaishe ka, So-dam ma haka.

Ranar tunawa da Baba ta faɗo sha tara ga Afrilu. Ko dai ka zo ka tsaya a gaban teburin da ake jera masa abinci a ranar, kamar yadda ɗa ke yi, ko ka kira Umma kafin ranar ka gaya mata da bakinka cewa ba dawowa za ka yi ba. In ranar ta wuce shiru, ni zan zuba wa Baba giyarsa a madadinka, in zaunar da Umma in gaya mata komai. Washegari zan je ofishin gunduma in sauya rajistar Gamja zuwa sunana, bargonka kuma in ninke shi biyu in ƙara masa a kan shimfiɗa.

Yayarka,
Myeong-ok