Filafilin da Ka Sassaƙe

Zuwa ga Iliya na dama,

Gaisuwa daga Abbare. Na so in tambaye ka lafiya kamar yadda ake yi a farkon wasiƙa, sai na ga babu tambayar da ta fi wannan wauta. Na san ba za ka karanta ba. Kana raye ma ba ka duba saƙona sai na kira ka na yi maka tsiya, balle yanzu. Amma magana ta cika mini ciki, kuma ba wanda zan zazzage wa sai kai, tunda kai ka haddasa ta.

Bari in fara da labarin gida. Matarka Saratu tana nan lafiya, ta koma sayar da doya a kasuwar Iware, sai dai ta rame. 'Yarka Ladi ta ƙi a taɓa babur ɗinka, kullum sai ta goge shi ta rufe da buhu. Masarar da ka shuka ba ka ga bunƙasarta ba, ƙanenka ya girbe, ta yi kyau ƙwarai. Ni kuma ina shagon maganin dabbobi kamar kullum, kujerar da kake zama kana hana ni ciniki da surutu an ɗora mata kwalaye.

Ruwa ya ɗauke, yashi ya fara fitowa a kogin Mayo Gwoi. Ka san abin da wannan ke nufi a wurinmu. To, Iliya, bana za a yi tafiyar. Babbar tafiyar nake nufi, wadda ka dame mu da ita tun ran da Baturen nan mai bin birai a dajin Gashaka ya bar maka tsohon jirgin robarsa. A sa jirgi a saman Serti, a biyo kogin Taraba cikin duwatsu, ana kwana a kan yashi, har a fito gadar Bali. Kai ka fara faɗa, muka yi maka dariya. Ka ce ni Bafulatani ban san ruwa ba sai wanda saniya ta sha ta rage. Don wannan baƙar maganar na shiga jirginka, kuma ban sake fita ba.

Shekara nawa muka yi muna zuwa Lau muna koyo a Binuwai? Baba Adi masunci a baya yana riƙe da jirgin yana ba da umarni, mutum biyu a tsakiya, ni da kai a gaba, kai dama ni hagu. Har sunayenmu suka ɓace, sai dai a ce ina Dama, ina Hagu. Kai ka koya mini cewa na gaba biyun nan dole ƙarfinsu ya zo ɗaya, in ɗaya ya fi, hancin jirgi zai karkata wajen mai raunin. Namu bai taɓa karkata ba. Na yi alfahari da wannan fiye da yadda kake tsammani. Ina gaya wa mutane a shago cewa ga ka nan ƙato kamar buhun gero, ga ni kamar sandar kiwo, amma a ruwa ba ka fi ni da komai ba.

Kowace shekara in damina ta wuce sai mu zauna shiri. Kai ne mai zana kogin a ƙasa da tsinke, kana nuna inda ruwa ke tafasa tsakanin duwatsu, da inda za mu sauka mu ɗauki jirgi a ka mu zagaye. Kai ka ce ba a kafa tanti a yashin da aka ga sawun dorina. Kai ka ce a zuba ashana da gishiri cikin gorar roba, a ɗaure garin rogo da ƙuli-ƙuli cikin leda biyu, kowa ya zo da gidan sauronsa da riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando. Sai komai ya kammala, sai ka zo da fuskar nan taka ka ce ruwa ya yi yawa bana, mu bari. Wata shekarar ka ce ya janye da wuri, duwatsu za su yaga robar. Wata shekarar famfon hura jirgin ne ya lalace, kai da gyaran famfon burtsatse ne sana'arka. Wata kuma ka ce an ga baƙin fuska a dajin. Na sha ce maka matsoraci a gaban mutane, kai kuwa sai dariya.

Bana ba wanda ya kawo uzuri. An je an ga ma'aikatan daji, an gaida masu garuruwan bakin kogi, mafarauta sun ce hanya lafiya. Mai faci na bakin tasha ya liƙe duk inda iska ke fita. An samo wanda zai zauna a wurinka, Markus, mai lodin doya a Iware. Mutumin kirki ne, ba ya magana da yawa, kuma ya iya ruwa. Na ƙi shi tun kafin in gan shi, amma wannan ba laifinsa ba ne.

Muka je Lau gwaji. Baba Adi ya ce mu ja, muka ja, sai hancin jirgi ya juyo wajena. Na ce iska ce. Muka sake, ya sake juyowa, har muka yi kewaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke, yaran masunta suna ta dariya a bakin gaɓa. Na hau Markus da faɗa, na ce tuƙi ba lodin doya ba ne. Baba Adi ya ce mu yi musanyar wuri, na koma dama, wurinka. Sai jirgin ya biyo ni dama.

Da muka fito, tsohon ya ja ni gefe. Ka san shi, ba ya shafa wa magana mai. Ya ce, Hamman, kafaɗa naka bai warke ba, tun da can ma bai warke ba. Ya ce ruwan saman Serti ba ruwan Lau ba ne, can in jirgi ya ba dutse gefe, mutum biyar ne za a nema. Na ce masa shekara da shekaru ina ja tare da Iliya, jirgi bai taɓa karkata ba. Sai ya ce in je in tambayi matarka filafilin da kake tuƙi da shi.

Ka tuna faɗuwar da na yi a babur a hanyar Mutum Biyu, da maɗorin da ka kai ni wurinsa, ka danne ni ina ihu yana ja? Bayan wata biyu na dawo jirgi ina cika baki, wai kafaɗar ta fi da ƙarfi. Ka ce haka ne, kai ma ka ji a hannunka. Ka dube ni ido cikin ido ka faɗi haka.

Saratu ta ɗauko filafilin daga bayan ƙofa ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Na kawo shi shago na kwantar a kan nawa. Mai sassaƙa ɗaya ya yi mana su, rana ɗaya, daga itace ɗaya. Naka ya fi nawa siranta da kusan yatsa biyu a kowane gefe. An kankare bakin, an goge, an shafa mai har ya yi baƙi, ba mai ganewa sai ya haɗa su. Da na koma na tambaye ta, ta ce Baban Ladi shi ne ya yi da kansa a bayan gida, ba sau ɗaya ba, duk shekara yana ƙara ragewa kaɗan. Ta ce ka ce in ka sassauta hannu zan gane, domin ina kallonka ta gefen ido, gara itacen ya riƙa zubar da ruwan, kai kuma ka ja da dukan ƙarfinka.

Iliya, wane irin mutum ne kai? Wa ya sa ka? Ina ganin gumi yana zuba a wuyanka, ina cewa a raina ga ƙato yana wahala kafin ya kamo ni. Ashe kowa a jirgin ya sani. Baba Adi ya sani, na tsakiya sun sani, matarka ta sani, ni kaɗai nake ta baza haƙora ina ba da labarin ƙarfina. Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Da kana kusa da na faɗa maka maganar da za mu yi wata ba mu gaisa ba.

Na koma wurin Baba Adi da wata dabara, na ce to a ba Markus filafilinka mana, jirgi zai miƙe kamar da. Ya girgiza kai. Ya ce a Lau zai miƙe, amma a sama ana bukatar cikakken ƙarfi dama da hagu, jirgin da aka rage wa ƙarfi don ya tafi daidai ba zai tsere wa dutse ba. Ya ce kai ma ka san haka. Ya ce duk shekara, kafin ka zo mana da uzurinka, sai ka biya ta wurinsa ka tambaye shi yaya ya ga hannun Hamman bana. In ya ce da saura, sai ka ce to, ruwa ya yi yawa ke nan.

Wannan ce ta karya ni. Haushin ya tafi, ban san inda ya shiga ba, abin da ya zauna a wurinsa ya fi shi nauyi. Ba ruwa ba ne, ba famfo ba ne, ba baƙin fuska ba ne. Ni ne. Kogin da kake zana mana a ƙasa, wanda kake cewa ba za ka mutu ba sai ka ga inda yake ratsa dutse biyu, ka zauna kana jiran kafaɗar da ba za ta taɓa warkewa ba, har ciwon hanta ya zo ya ɗauke ka cikin damina ɗaya. A asibiti ma da na ce ka tashi, rani na zuwa, cewa ka yi in ci gaba da motsa hannun.

Me ya sa ba ka gaya mini ba? Na tambayi kaina abin da zan yi da ka faɗa. Na san halina. Zan yi fushi, in ce ka raina ni, in daina zuwa Lau. Bayan wata ɗaya ko biyu zan huce, domin ban taɓa iya dogon fushi da kai ba. Sai in ɗauki motata a-kori-kura in kai ku Serti, in dawo gadar Bali in jira, ka fito baƙi ƙirin da cizon ƙuda kana yi mini ƙaryar abin da ka gani. Fushin wata biyu kawai ka guje mini, Iliya. Ka dubi abin da ka bayar a madadinsa.

An samo wani a wurina, ban ma tambayi sunansa ba. Ni an ba ni aikin mota. Jibi zan loda jirgin da tantuna da jarkoki, mu bi ta Iware, mu wuce mararrabar gidanka ba tare da mun tsaya ɗaukar kowa ba. Zan sauke su in ga sun shiga ruwa, in juyo ni kaɗai. Mutane suna ce mini in yi haƙuri, aikin mota ma aiki ne. Ina amsa musu da to. Ba na jin zan sake shiga jirgi, ko a Lau. Ban san yadda ake ja tare da mutumin da ba ya rufa mini asiri ba, kuma ba na so in koya.

Filafilinka yana bayan kujerar mota, Saratu ta ce in riƙe. Ba shi da amfani a hannun kowa, don ni kaɗai aka yi shi. Zan tsaya da shi a kan gadar ranar da za su fito, daidai inda ya kamata in tsaya tun shekarun baya. Jirgin zai ɓullo daga kwana, hancinsa a miƙe, zan duba gaba ta dama ko da na san wanda zan gani.

Ka huta lafiya, sobajo, abokina. Ban yafe wa kaina ba, kai ma ban gama yafe maka ba.

Naka,
Hamman na hagu