Kada Ka Tuge Inabin Bakin Rijiya

Al-Naseem, Riyad
Litinin, 26 ga Agusta

Zuwa ga ɗana Rabilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka da mutanen Kudan duka. Mu nan alhamdu lillahi. Yayarka Hajar ta warware sarai, jaririyar tana shan nono sosai. Mijinta ne ke fama da mura, ni kuma gwiwar nan ta hagu, sai dai yau ban ma tuna da ita ba.

Da hannuna nake rubutawa, Hajar za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka. Na san saƙon muryata ba ka jin sa har ƙarshe. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da furfurata na shiga aji.

Rabilu, mun je Ɗa'ifa! Wuni guda muka yi a mota. Garin a kan duwatsu yake, ga sanyi mai daɗi, alhali Riyad kamar tanda. Hanyar sai lanƙwasa take, na riƙe kujera ina ta salati. Birai na zaune a bakin titi, ɗaya ya fizge wa Hajar ledar burodi. Akwai wani akwati da ke tafiya da mutane a jikin waya ta saman kwari. Na ce su hau, ni ina da jikoki.

To ga abin da ya hana ni zama. Mun shiga wata gona da baƙi ke zuwa kallo, ga rumman, ga ɓaure, ga inabi yana reto a kan rumfa kamar namu. Na ga wani gindin inabi mai kaurin cinyata. Na sa mijin Hajar ya tambayi dattijon mai gonar, ya ce mahaifinsa ne ya dasa, ya haura shekara arba'in. Ya ce gindin ma ya taɓa daina 'ya'ya, sai ya sare shi daidai gwiwa, ya shafe bakin saran, ya bar toho ɗaya mai ƙarfi ya hau rumfa. A shekara ta biyu ya dawo. Na shafa wurin saran da hannuna, na ci 'ya'yan. Hawaye suka zubo mini, Hajar ta zaci gwiwar ce.

Ka ce ranar Asabar ma'aikata za su tuge tsofaffin inabin mahaifinku da suka daina 'ya'ya a sa masara. Ban musa maka ba a lokacin, don kai ke wahalar gonar, kuma na ɗauka tsufa ba shi da magani. Yanzu na gani da idona. Ban ce ka bar duka ba. Ka bar mini layin bakin rijiya, guda goma sha biyun da marigayi ya fara dasawa, ni ina ɗebo masa ruwa da goyonka a bayana. Ka sare su daidai gwiwarka, ba tawa ba, ka fi ni tsawo. In shekara biyu ta wuce ba su yi ba, ni zan miƙa maka diga.

Ka gaida Bilƙisu da yara. Don Allah ka ba ni amsa kafin sallar Juma'a. In kuma ka riga ka tuge, kada ka ɓoye mini. Ka ajiye mini kututture ɗaya a inuwa, ka rufe saiwar da jiƙaƙƙen buhu har na dawo.

Mahaifiyarka,
Balaraba