Ƙwayar da Na Amayar

Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara da babansu? Ni lafiyata lau, aikin wanki a otal ɗin ma da sauƙi, kada ku damu.

Sai dai akwai maganar da a gida ke kaɗai zan iya faɗa wa. Maigidana ya samu hutu ya zo mun kwana biyu. A wurin aikinmu kuwa duk wadda ta yi ciki sallamarta ake yi. Da ya tafi tsoro ya kama ni, na je kemis na sayi ƙwayar gaggawa ta hana ɗaukar ciki. Mai kemis ta yi ta bayani da yaren mutanen nan da ba na ji, ni dai kai kawai nake gyaɗawa.

Nan take na haɗiye ta. Ina komawa ɗakin guga zuciyata ta tashi, na amayar da komai. Sai bayan kwanaki da na ba wata abokiyar aikina labari ta ce, "Ai da kin koma an ba ki wata, ƙila waccan ta fita."

Tun daga nan jiri nake, ƙirjina ya yi nauyi, al'adata kuma shiru. An ce ƙwayar na sa haka, an ce ciki ma na sa haka. Na sayi abin gwajin ciki, yana jakata, na kasa buɗewa.

Kada Inna ta ji. Ki sa ni a addu'a, Yaya, don ni ban ma san me zan roƙa ba.

Ƙanwarki,
Auta