Kantar Littattafan da Kuka Kwashe daga Makarantar Lahadi

Zuwa ga Alhaji, shugaban kwamitin makarantar Asabar da Lahadi ta masallacinmu na unguwar Soundview da ke Bronx a Amurka, da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban girma, ina fatan Alhaji yana lafiya. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni ce Binta, Maman Faruk, mai aikin jinyar tsofaffi a gidajensu. Na nemi a ba ni dama in yi magana a zaman kwamiti, aka ce in faɗa wa maigidana ya isar. Ya isar, aka ce masa an ji. Tun daga nan shiru kake ji. Shi ya sa na rubuto a gurup ɗin iyaye, kowa ya gani. Alhaji ya yi haƙuri, ba raini ba ne. Ɗana nake nema ya kuɓuce mini, kuma hannun kwamiti na ciki.

Ga abin da ya faru, saboda waɗanda ba su sani ba. A ɗakin ƙasa na masallaci akwai kanta guda ta littattafan Turanci a kan tarihin baƙar fata a ƙasar nan: yadda aka kawo su, yadda aka bautar da su, da yadda suka yi ta fama har aka fara kallonsu a matsayin mutane. Sista Rashida ce ta tara su. Tsohuwar malamar makaranta ce, baƙar Amurka, Musulma tun kafin yawancinmu mu san hanyar filin jirgi. Duk Lahadi bayan an tashi daga karatun Alƙur'ani, takan zauna da matasa su karanta su tattauna. Bayan ƙaramar Sallah kwamiti ya sa aka zuba littattafan a buhunan shara aka kulle a sito. Ita kuma aka tura mata saƙon waya wai ta huta haka, Allah ya ba da lada. Ko kira ba a yi ba. Matar da ke yi wa matanmu wankan gawa idan an yi rasuwa, ita aka sallama da saƙon waya! Wallahi na ji kunya.

Dalili na farko da aka bayar, an ce wannan ba tarihinmu ba ne, mu 'yan Afirka ne da muka zo da ƙafarmu. To Alhaji, bari in ba ka labarin Faruk.

Bara da rani na manta maganin hawan jinina a gida, na kira shi ya kawo mini wurin aiki, wani dogon gini a Manhattan. Shekarunsa goma sha biyar, amma ya fi ubansa tsawo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jirana, wata mata da ke zaune a ginin ta ce wa masu gadi ba ta yarda da shi ba. Kafin in sauko sun zaunar da shi a ƙasa a gefen titi, hannuwansa a ka, an zazzage jakarsa, maganin nawa yana yashe a ƙasa. Mutane na wucewa suna ɗaukar hoto. Daga baya ya gaya mini ya yi ta ce musu shi ɗan Najeriya ne, iyayensa daga Kano suke, domin abin da ake nanata wa yaranmu ke nan a masallaci: in wani abu ya taso ka ce kai ɗan Afirka ne, ba irin waɗancan ba ne. Ba wanda ya ko saurare shi. Fatarsa suka gani, ba su tambayi garin kakansa ba.

Yaron nan ya dawo gida ya rufe baki. Ba ya cin abinci da mu, ba ya fita. Ni kuma me zan ce masa? A Kano na tashi, har na yi aure ban taɓa tunanin launin fatata ba. Abin da na iya kawai shi ne in ce ya yi haƙuri, ya yi addu'a. Ubansa ya ce ya riƙa sa riga mai kwala. Sai da Sista Rashida ta ja shi cikin masu karatu sannan na sake jin muryar ɗana. Ya riƙa dawowa yana ba mu labari muna cin tuwo, mu yi masa Hausa ya mayar da Turanci, har ya ishe mu da surutu. Ya gane abin da aka yi masa ba laifinsa ba ne, kuma an yi wa wasu abin da ya fi haka sun tashi sun zama mutane. Idan ba tarihinmu ba ne, ya zama tarihin 'ya'yanmu, mun so ko mun ƙi.

Na biyu, an ce littattafan suna sa wa yara ƙiyayyar Turawa, za su jawo mana fitina da hukuma. Ina tambaya da ladabi: a cikin dattawan kwamiti wa ya karanta ko guda ɗaya? Ni na karanta. Turancina ba wani na kirki ba ne, a cikin bas nake bi a hankali, ina tambayar Faruk abin da ya shige mini duhu. Na yi kuka a wurare da yawa, amma ban ga inda aka ce a ƙi kowa ba. Gaskiya akwai guda da na ga bai dace da ƙananan yara ba, saboda abin da aka kwatanta ana yi wa mata. Wannan sai a ɗaga shi sama a ce sai manya. Ba sai an haɗa duka an zuba a buhun shara ba. Kuma abin da ke sa yaro fushi, Alhaji, a titi yake samunsa. Littafin ma lallashinsa yake yi.

Na uku shi ne ainihin dalilin, wanda ba a rubuta a gurup ba, amma kowa ya san shi. A walimar sunan da aka yi a masallaci kafin azumi, Faruk ya matso kusa da dattawa ya yi tambaya. Ya karanta cewa a ƙasashenmu ma an yi kasuwar bayi, mu da kanmu mun saya mun sayar. Sai ya ce, to mu a Kano mun mallaki bayi? Ina jikokinsu suke yanzu? Alhaji ya ce yaron nan ba shi da kunya, a janye shi. Washegari aka fara cewa baƙar Ba'amurkiya tana koya wa yaranmu tonon asali.

Na san abin da ake tsoro, ni ma a cikinsa na girma. Asali ba abin wasa ba ne a wurinmu. Kalma ɗaya a bakin tsohuwa ta isa ta rushe neman aure, kuma mun kwaso abin nan har Bronx, muna binciken juna ta waya. Amma yaron bai yi wa kowa gori ba, bai ma san ana gori da shi ba. Tambaya ya yi wa iyayensa a ɗakin Allah, aka kore shi kamar ya yi sata.

Yanzu ga inda muke. Tun ranar da aka kwashe kantar, Faruk bai sake taka masallaci ba. Yana sallarsa a ɗaki, alhamdu lillahi, ban san ko har yaushe ba. Ubansa ya yi faɗa, ya yi lallashi, duk a banza. Abin da ya ce mana shi ne, masu gadin can ba su san shi ba suka wulaƙanta shi, amma kwamiti ya san Sista Rashida sarai. Ya ce idan haka muke kallonta, to haka za mu kalli duk wanda ya fito daga bayi, kuma shi ba ya son a ƙirga shi cikin masu wannan kallon. Yaron da ya sauke izu goma a hannunku, yau in an ce Bahaushe ne shi sai ya kau da kai. Wannan abu yana cin raina fiye da yadda zan iya rubutawa.

Tunda ba a amsa masa ba, ni zan amsa, a nan gaban kowa. Na shawarci maigidana, ya ce in rubuta.

Kakar mahaifiyata baiwa ce. Tana ƙaramar yarinya aka kamo ta daga wani gari da ba wanda ya riƙe sunansa, aka sayar da ita a Kano. Alheri ake ce mata, sunan da ubangidanta ya sa mata ke nan, na yankanta ya ɓata. Mahaifiyata ta gaya mini cikin raɗa ana gobe za a kai ni ɗaki, ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Allah ya jiƙanta, ya yafe mini, yau na karya. Na san abin da hakan zai jawo. Ina da 'ya mace da ta fara tasawa, kuma na san gidajen da daga yau ba za su tako neman aurenta ba. Na san za a yi da ni a wurin biki. To a yi. Idan don a rufa wa irina asiri aka kulle littattafan nan, na gode, ba na so.

Abin da nake roƙo bai da yawa. A buɗe sito a mayar da littattafan kan kantarsu, wanda ake shakka a kai a zaɓi iyaye maza da mata su karanta kafin a yanke hukunci. Alhaji da kansa ya taka ya je gidan Sista Rashida ya ba ta haƙuri, ko da ba za ta dawo ba. Sannan a kira Faruk, a gaban dattawan da aka kore shi, a ce masa tambayarsa ba rashin kunya ba ce.

Faruk yana jin Hausa amma ba ya iya karanta ta, don haka kafin in tura na zaunar da shi na karanta masa. Da na kai kan Alheri sai ya tambaye ni ko an san inda kabarinta yake. Na ce ba a sani ba. Na tambaye shi ko zai koma masallaci idan aka mayar da kantar. Ya ce zai gani. Iyakar abin da na samu ke nan, Alhaji, kuma Lahadi tana zuwa tana wucewa.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya saka masa da alheri a kan hidimar da ya daɗe yana yi wa masallacin nan. Allah ya sa kada a tambaye mu yaran nan ranar gobe mu rasa abin cewa.

Wassalam.

Binta, Maman Faruk, tattaɓa-kunnen Alheri.